Yadda za ka yi da masu takalar faɗa a intanet ba tare da sun cinye maka rana ba

Azumin bara ne, wajen sha ɗaya na dare, ƙanwata ta kira ni muryarta na rawa ta ce "Yaya don Allah shiga shafina ka ga abin da ake min." Humra da turaren wuta take sayarwa, ta ɗora wani ɗan bidiyo tana nuna yadda take haɗa kayanta, ba a ma ga fuskarta ba, hannunta ne kawai da kasko da kwalabe sai muryarta tana bayani. Wani akawun mai hoton mota, sunan ma da gani ba na gaskiya ba ne, ya zo ya rubuta mata wai da ta nemi miji da ya fi mata wannan tallan kan da take yi. Ta ba shi amsa, ya dawo, ta sake ba shi, kafin a yi sahur wajen ya cika, wasu na kare ta wasu na taya shi, har wata mata da ba ta taɓa ganinta ba ta ce ai turaren ma na asiri ne. Ni kuma na shiga da zafina na zuba mishi doguwar magana, a raina kare ta nake yi, ashe rura wutar na yi, domin duk kwament ɗaya da na ƙara sai fostin ɗin ya ƙara tashi ya kai ga wasu sababbin mutane.

Bayan kwana biyu na ga akawun ɗin nan a shafin wata mai sayar da yaji, kalmomin nan dai, ko canza su bai yi ba. A nan na gane ashe bai san ƙanwata ba, bai damu da aurenta ba, shi dai a tanka mishi. Turawa na ce wa irinsa tirol, kalmar kuma tana da alaƙa da kamun kifi, irin wanda ake sa tana a ƙugiya a riƙa janta cikin ruwa ana jiran kifin da zai hadiya. Zagin nan tana ce. Abin da yake son kamawa shi ne fushinka.

Kafin mu zo kan matakai bari in faɗi abin da ke sa mutane yin haka, don in ka san abin da mutum yake nema shi ne za ka san abin da za ka hana shi.

Wasu daɗi kawai suke ji. Wasu masu bincike a Kanada sun yi nazari a 2014, suka gano cewa masu son takala a intanet sun fi karkata ga halin nan na jin daɗi in sun ga wani yana shan wahala. Irin wannan ba hujja ce za ta gyara shi ba, kukanka ma nishaɗi ne a wajensa. Sai kuma rashin fuska. A unguwa in yaro ya zagi babba, kafin magariba an san ɗan gidan wane ne, an kai wa ubansa ko mai unguwa, kunya kaɗai ta isa ta riƙe shi. A waya babu ido cikin ido, ba a san gidansu ba, wani masanin halayyar ɗan Adam mai suna John Suler tun 2004 ya yi bayanin yadda ɓoyewar nan ke kwance wa mutum linzami har ya faɗi abin da ba zai iya faɗa a gaban mutane ba.

Sai kuɗi, kuma wannan mutanenmu da yawa ba su lura da shi ba. Tun Yulin 2023 X, wato tsohuwar Twitter, ta fara biyan masu akawun mai alamar shuɗi gwargwadon yadda ake hulɗa da rubutunsu, Facebook ma ta buɗe wa 'yan Najeriya hanyar samun kuɗi da bidiyo a 2024. Na'urar da ke yaɗa fostin ba ruwanta da ko yabo ake ko tsinuwa, ita dai ta ga ana ta magana. Shi ya sa za ka ga mutum ya tashi da safe ya rubuta cewa matan gari kaza ba su iya girki ba ko mazan jiha kaza ba su da amana, ya koma gefe yana kallon dubban mutane suna zaginsa, kai ka ƙona datarka da ranka shi yana lissafi. Akwai kuma na siyasa, sojojin baka da muka sani a gidajen rediyon Kano yanzu suna da ƙanne a waya, 'yan data, ana saka musu kati su kwana suna yarfe, lokacin zaɓe kuwa abin sai wanda ya gani.

Na ƙarshe shi ne ya fi ba ni tsoro: mutum kamar ni da kai. Masu bincike daga jami'o'in Stanford da Cornell sun nuna a 2017 cewa in mutum ransa a ɓace yake, kuma ya tarar an riga an fara zage-zage a wajen, to akwai yiwuwar shi ma ya tsoma baki ko da ba halinsa ba ne. Matar nan da ta ce turaren na asiri ne, na leƙa shafinta daga baya, hotunan 'ya'yanta ne da addu'o'in Juma'a. Ta tarar ana yi ne ta yi.

To ga yadda ake yi.

Mataki na farko: ajiye wayar. Wallahi wannan shi ne mafi wuya. Za ka ji ƙirjinka na bugawa, yatsanka na ƙaiƙayi, amsa mai zafi ta riga ta zo maka. Kife wayar, tashi ka sha ruwa, ka yi alwala in mai yi ne, ka ba kanka ko da rabin awa. In dare ne bar shi sai da safe, ba wanda ya taɓa rubuta amsa mai kyau ƙarfe biyun dare a cikin gidan sauro yana huci. Magana zarar bunu ce, a intanet kuwa ko ka goge wani ya riga ya ɗauka.

Mataki na biyu: gane da wa kake. Ba duk mai kaushin harshe ne ɗan takala ba, kuma a nan mutane ke kuskure ta ɓangare biyu. Akwai mai gyara wanda bai iya magana ba, misali ya ce maka alƙaluman da ka kawo ƙarya ne, ya faɗa da rashin ladabi amma da ka duba sai ka ga yana da gaskiya. Wannan karɓi gyaran ka bar mishi rashin ladabin. Akwai abokin wasa, Bakano da Bazazzagi, Bafulatani da Babarbare, Bagobiri da Bayarabe, wannan tsokana ce da muka gada kuma tana da ƙa'ida, ana yi ana dariya tare, in ka nuna ranka ya sosu zai ja baya ya ce wasa nake. Ɗan takala kuwa alamarsa ita ce ba ya tsayawa kan magana. Ka kawo hujja ya tsallake ya koma kan kamanninka, iyayenka, garinku, aƙidarka, auren da ka yi ko wanda ba ka yi ba. Leƙa shafinsa minti ɗaya: yaushe aka buɗe akawun ɗin, akwai hotonsa, yana da wani rubutu na kansa ko kullum a ƙarƙashin na mutane yake kwana. In ka ga jiya ya zagi mutum biyar da kalma iri ɗaya, ka samu amsarka. Sai na huɗu, mai barazana, wanda ya ce ya san gidanku ko zai saki hotunanki. Shi wannan ba ɗan tsokana ba ne, zan zo kansa a ƙasa, kar a haɗa shi da sauran.

Mataki na uku: ɗauki shaida kafin ka taɓa komai. Da yawa suna yin bulok cikin fushi, sai bayan sati abin ya girma a nemi hujja a rasa, shi kuma ya goge ko ya canza suna. Yi sikirinshot wanda ya nuna sunansa, abin da ya rubuta da lokacin, kar ka yanke gefen hoton. Shiga shafinsa ka ɗauki hoton shi ma, ka kwafi link ɗin akawun ɗin ka ajiye. In a WhatsApp ne ɗauki lambar ta fito sarai, saƙon murya kuma kar ka goge. In abin da yawa ne kunna rikodin na sikirin ka gangara a hankali. Sannan tura su imel ɗinka ko wayar wani da ka yarda da shi, saboda waya na faɗawa ruwa ana kuma sace ta. Wannan aikin minti biyar ne, wataƙila ba za ka taɓa buƙatarsu ba, amma ranar da za ka buƙata babu abin da zai maye gurbinsu.

Mataki na huɗu: yanke hukunci, shiru ko amsa ɗaya. Mafi yawan lokaci shiru ne daidai. Na san yana da ciwo, mutum zai ji kamar an ci shi da yaƙi, amma tuna abin da ya fito nema. In ba ka tanka ba ya tashi a tutar babu, sai ya ƙara gaba. A Suratul Furƙan aya ta 63 an siffanta bayin Allah da cewa in jahilai suka yi musu magana sai su ce salama, ni kam ban ga wajen da ayar nan ta fi yi min amfani kamar a cikin kwament ba.

Amma akwai inda shiru ke cutarwa, wato in an yi maka ƙazafin da zai taɓa sana'arka ko mutuncinka kuma masu karatu na iya yarda. Wani ya ce kina sayar da jabun kaya, ko ka cinye kuɗin mutane. A nan ka ba da amsa, amma ka sa a ranka ba shi kake wa magana ba, masu kallo kake wa. Gajeriya, ba zagi, ba habaici, hujja kawai: wannan ba gaskiya ba ne, ga yadda abin yake, duk mai ƙorafi ya same ni ta akwatin saƙo da rasit ɗinsa. Shikenan. Zai dawo, dole ya dawo, zai ce ka kasa amsawa, ka tsorata. Bar shi. Amsa ɗaya ce, ba ta da ƙanwa.

Abu ɗaya da nake roƙon mutane su daina: ɗaukar zagin a ɗora a sitatus ko a sake yaɗa shi ana cewa ku zo ku ga abin da wannan ya ce. Mutumin da mabiyansa ba su kai ɗari ba kai da hannunka ka kai shi gaban dubu goma, ka yi mishi tallan da ko kuɗi ya biya ba zai samu ba.

Mataki na biyar: yi amfani da kayan aikin da ke cikin wayarka. Shafinka ɗakinka ne, goge kwament ba tsoro ba ne, shara ce. Miyut yana ɓoye maka mutum ba tare da ya sani ba, zai yi ta magana shi kaɗai, wannan ya fi dacewa da wanda ka sani a zahiri, ɗan ajinku ko wani dangi da bulok zai jawo zaman sulhu. A Instagram akwai wanda ake kira ristirik, in ka sa wa mutum zai rubuta kwament ya gan shi a wajensa amma sauran jama'a ba sa gani sai ka amince, gaskiya na fi son wannan kan komai. Instagram da TikTok duk suna ba ka damar rubuta jerin kalmomin da ba ka so, duk kwament ɗin da ya ƙunshe su sai a ɓoye shi. Zauna ka rubuta su da Hausa, da duk yadda ake karkata rubutunsu, domin mutanenmu kalma ɗaya sai su rubuta ta iri huɗu. A X da Facebook kana iya zaɓar waɗanda za su iya yin kwament a fostin ɗinka. Bulok kuma na wanda ya nace ne, sai dai ka sani tun ƙarshen 2024 a X wanda ka yi wa bulok yana iya ganin rubutunka in akawun ɗinka a buɗe yake, tankawa ce kawai ba zai iya ba. A WhatsApp shiga setin, ɓangaren sirri, ka gyara wanda zai iya saka ka a guruf ya zama waɗanda ke cikin lambobinka kaɗai, ka kunna abin da ke kashe ƙarar kiran baƙuwar lamba.

In ya buɗe sabon akawun ya dawo, sake bulok, ba magana. Buɗe akawun ya fi danna bulok wahala, shi zai fara gajiya.

Mataki na shida: kai ƙara wajen masu manhajar. Zaɓi dalilin da ya dace, cin zarafi ne, barazana ce ko akawun ɗin bogi ne, kar ka danna duk wanda ya fara zuwa. In ka yi ripot a WhatsApp saƙonni biyar na ƙarshe da mutumin ya turo maka ne ake aika musu. Kar ka sa rai da yawa, na'urorin tace rubutu sun fi ƙwarewa a Turanci, habaici da gugar zana na Hausa kuwa sai ɗan gida. In akwai wajen ƙarin bayani fassara musu abin da aka ce a taƙaice. Sa mutum uku ko huɗu da suka ga abin su ma su yi ripot, amma a ɓoye, ba gayyar yaƙi ba.

Mataki na bakwai, in rubdugu aka yi maka. Wannan daban ne da mutum ɗaya, wayarka na ta ƙara kamar za ta fashe, ba ka san ta ina za ka fara ba. Kashe sanarwa. Rufe kwament ko ka mai da akawun ɗin na sirri na ɗan lokaci. Miƙa wa wani da ka yarda da shi ya riƙa dubawa yana ɗaukar shaida yana gogewa, kai kar ka karanta, ba dole ne duk wata ƙazanta da aka rubuta ta bi ta idonka ba. Canza fasuwod ka kunna tabbatarwa mai mataki biyu, wato bayan fasuwod sai an sa wata lambar sirri ta biyu kafin a shiga, domin a irin wannan lokacin ne ake ƙoƙarin sace akawun. Duba tsofaffin hotunanka ka cire wanda ya nuna ƙofar gidanku, lambar motarka ko rigar makarantar yaranka. In kai ne da kuskure tun farko, ba da haƙuri sau ɗaya a fili ba tare da kwana-kwana ba, ka yi shiru. Yawanci kwana biyu zuwa uku sun samu wani sun koma kansa. Kuma ka ci abinci, ka fita cikin mutane, ka gaya wa wani abin da ke damunka, domin abin nan yana hana barci da gaske, ƙanwata sai da ta yi sati ba ta buɗe kwalba ko ɗaya ba.

Mataki na takwas: in abin ya zama barazana, a daina maganar share shi. Wanda ya ce zai kashe ka, zai sa a sace ka, ya wallafa adireshinka, ko yake neman kuɗi da hotunan tsiraici, wannan laifi ne. A Najeriya akwai dokar laifukan intanet ta 2015, sashe na 24, wadda aka yi wa gyara a 2024, barazanar cutarwa ko sace mutum na iya kai mai yi ɗaurin shekara 10. 'Yan sanda suna da cibiyar yaƙi da laifukan intanet a Abuja, kana kuma iya fara kai ƙara ofishinsu mafi kusa, ka tafi da shaidunka a buge a takarda, in da hali da lauya. A Nijar ma akwai dokar 2019, kuma a Yunin 2024 aka dawo da hukuncin ɗauri kan ɓata suna da zagi ta intanet. Sai dai ka tuna dokar nan kaifi biyu gare ta, in ka rama da zagi ko ƙazafi kai ma ka shiga ciki, kuma mun ga yadda masu iko ke amfani da kotu, a Nuwamban 2022 wata kotun majistare a Kano ta yanke wa wasu matasa biyu 'yan TikTok bulala 20 da tara da sharar kotu saboda bidiyon da suka yi kan gwamna.

'Yar'uwa, in da hotonki ake miki barazana, kar ki biya ko sisi, wanda aka ba yau gobe zai dawo da farashi sabo. Ajiye shaida, ki daina amsa mishi, ki gaya wa babba ɗaya a gida da kika san zai rufa miki asiri, ko Umma ko Yaya ko wata gwaggo. Na san kunyar faɗar ita ce makaminsa, shi ya sa da kin faɗa rabin ƙarfinsa ya tafi. Akwai shafin StopNCII na manya da Take It Down na waɗanda ba su kai 18 ba, suna ɗaukar wata alama ta hoton daga wayarki ba tare da hoton ya bar hannunki ba, sai manhajojin da ke aiki da su su tare shi in an yi ƙoƙarin ɗorawa. Maza ma ana yi musu, kar wani ya ce shi namiji ne ya haɗiye.

Sai wanda ya fi kowanne haɗari a wajenmu: a jingina maka maganar ɓatanci ga addini, ko a haɗa sikirinshot na ƙarya da sunanka. Wannan ba abin jira sai da safe ba ne. Duk mun san abin da ya faru a Sakkwato a Mayun 2022, daga saƙon murya a guruf ɗin WhatsApp na 'yan aji har aka rasa ran ɗaliba. In haka ta taso, sanar da iyayenka da wani malami ko dattijo da ake jin maganarsa nan take, ka sanar da jami'an tsaro, ka bar inda aka san kana zama har ƙura ta lafa. Kai kuma da aka turo wa irin wannan hoton, kar ka tura gaba, Suratul Hujurat aya ta 6 ta ce a bincika.

In kuma ba kai ake wa ba, kallo kake, kana da aiki. Kar ka shiga faɗa da ɗan takalar kamar yadda na yi. Yi ripot, sannan ka rubuta kwament na arziki kan ainihin abin da aka ɗora, ka tambayi farashi, ka yaba aikin, don maganar ta koma inda ta fito. Ka bi wanda ake wa ta saƙo ka ce na ga abin da ake yi, kar ka sa a ranka, ina tare da kai. In kai ne admin na guruf, sa doka a rubuce, gargaɗi ɗaya sai cirewa, ko da mai laifin abokinka ne, in wuta ta tashi kuma mai da guruf ɗin sai admin kaɗai ke iya rubutu na 'yan awanni.

Ƙanwata ta dawo da sana'arta kafin Babbar Sallah. Mun zauna a tsakar gida ni da ita muka rubuta kalmomin da za a tace, sun kai talatin, wasu ma kunyar faɗarsu a gabana take sai dai ta karɓi wayar ta rubuta da kanta. Yanzu in ta ɗora bidiyo takan bar wayar sai bayan awa ɗaya ta duba, ta amsa masu tambayar farashi, ta goge na gogewa. Kwanaki wani ya sake zuwa da irin waccan maganar, ina gani na fara rubutu sai ga saƙonta: "Yaya na gani, kar ka taɓa, na ɗauki hoto na yi bulok. Gobe in za ka shiga Kwari ka biya ta wajen mai kwalabe, nawa sun ƙare."